Man da Katako Zai Sha

Asabar, 27 ga Satumba

Da hantsi na kwashe kujeru da tukwanen furen Hajiya daga barandar bayan gida, na share ta tas, don in ga ainihin abin da zafi da ruwan bana suka bar mana. Ta katako ce, irin wadda kusan kowane gida ke da ita a unguwarmu a nan Greensboro: ƙafa 12 a ƙafa 16, a ɗage kan ginshiƙai, da matakala zuwa ciyawa da ɗan shinge a kewaye. Wanda ya sayar mana da gidan ya lafta mata wani shafi mai kauri, ruwan ƙasa, gab da zai sa gidan a kasuwa. A lokacin ta yi kyau ƙwarai.

Yau kam a tsakiyarta, inda ake yawan takawa kuma rana ke duka daga azahar har la'asar sakaliya, in ka sa farce sai ka ɗago ɓawo mai faɗin tafin hannu. Katakon da ke ƙarƙashi ya yi toka-toka, ga laushi, ga danshi, alhali an kwana biyu ba a yi ruwa ba. A kusurwar arewa, gindin babbar bishiya, gansakuka ta yi kore shar, fumfuna kuma ta yi ɗigo-ɗigo baƙi. Kwanan baya sartse ya shiga ƙafar auta, Hajiya ta hana yara fita babu takalmi. Mu kuwa a nan muke cin abincin dare duk ran da gari ya yi daɗi, a nan baƙi ke zama, a nan nake shimfiɗa darduma in magariba ta same ni a waje.

Na ɗebo ruwa a kofi na yayyafa wuri-wuri. Inda shafin yake da sauran ƙarfi, ruwan ya dunƙule ya tsaya. Inda ya ɓare, kafin in ɗaga kai katako ya shanye. Ruwan sama ya sami ƙofofin shiga da yawa ke nan, ta fita ce babu. Na bi falankai ina caka sukundireba, guda ɗaya ne a matakala ya nutse. Ginshiƙai garau suke. Saboda haka ba rushewa za a yi ba, sai dai a cire wannan shafin a sa wanda zai daɗe, kuma a gama kafin ganye ya fara zuba sanyi ya shigo.

Lahadi, 28 ga Satumba

'Yan uwa sun zo shan shayi bayan la'asar. Garin nan akwai mutanen Nijar da yawa, kuma duk Lahadi mukan haɗu a gidan ɗayanmu. Alhaji, wanda ya girme mu duka, kuma ya yi cinikin katako a Maraɗi kafin ya zo Amurka, ya ƙwanƙwasa falanki da dunduniya ya ce, "Malam, wannan ai ba abin wahalar da kai ba ne. Ka je gareji a ba ka baƙin mai jarka guda ka shafe. Haka muke yi wa katakon rufi, gara ko kusa ba ta zuwa."

Na ce, "Gaskiya ne Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma katakon rufi yana can sama, babu mai taka shi."

Dabarar ba ta banza ba ce a inda aka san ta. Sai dai baƙin mai ba ya bushewa, yana ɗauke da dattin ƙarfe da gubar ƙonewar inji, kuma duk ruwan da aka yi zai wanke shi zuwa ƙasar da Hajiya ke shuka tumatir da yakuwa. Yaro zai zauna a kai, ya dafa, ya kai hannu baki. Ban da haka, katakon nan an riga an ɗura masa maganin gara tun a masana'anta. Abokan gabarsa a nan rana ce da ruwa.

Wani matashi a cikinmu ya ce in kwashe katakon gaba ɗaya in sa irin falankin nan na roba da garin itace wanda ba ya son shafi. Kuɗinsa ya ninka na mai sau da yawa, yana ɗaukar zafi da rana, kuma zubar da katako mai lafiya asara ce da ba zan iya ba.

Litinin, 29 ga Satumba

Bayan tashi daga aiki na biya babban kantin kayan gini. Layi guda cur na gwangwanayen shafin baranda ne. Akwai mai kama da ruwa wanda ba shi da launi sam, shi ne mafi arha, aikinsa korar ruwa kawai. Akwai mai ɗan launi wanda ake ganin zanen itacen ta cikinsa, akwai wanda ya fi shi duhu har zanen ya kusa ɓacewa, sai kuma rufaffen da ba shi da maraba da fenti in ba a suna ba. Can ƙarshe ga wasu manyan bokitai na wani abu mai kauri da yashi-yashi a ciki, wai yana cike tsaga ya mayar da tsohuwar baranda sabuwa.

Abin da na lura da shi, kusan kowane gwangwani lamba biyu ce a jikinsa: shekarun da zai yi a kan shinge ko bango, da waɗanda zai yi a kan daɓen baranda. Ta biyun kullum ita ce ƙarama, wani lokaci ba ta kai rabin ta farko ba. Kuma gwargwadon yawan launi, gwargwadon tsawon alkawari. In da lamba zan bi, rufaffen zan ɗauka in wuce. To amma rufaffen ne yake ɓarewa a bayan gidana yanzu haka. Na juya wani gwangwani na karanta ƙananan rubutun garanti: in ya ɓare za su ba ka wani gwangwanin ko kuɗinsa, wahalar kankarewa kuwa taka ce. Na fito ban sayi komai ba.

Talata, 30 ga Satumba

Maƙwabcinmu na hagu dattijo ne Ba'amurke da ya ƙare ƙuruciyarsa yana fesa wa kujeru da kabad fenti a masana'antun High Point, garin nan na kusa da mu da ya yi suna wajen kayan ɗaki. Ya hango ni tsugune ina ɓantarar ɓawo, ya ce in zagayo in ga tasa.

Tasa ba ta ƙyalli ko kaɗan. Launinta ya koɗe a bakin ƙofa da kan matakala, ya fi duhu a gefe-gefe, amma ɓawo ko ɗaya babu. Ya ce katakon ya girmi jikarsa da ke jami'a. Ya shiga rumfar kayan aikinsa ya fito da guntun falanki da kwalbar ruwa. Ya ɗiga a fuskar falankin, ruwan ya ɗan jima kafin ya shiga. Ya ɗiga a bakin da zarto ya yanka, nan take ya ɓace. Ya ce itace ƙananan bututu ne jere da juna, su suka kai wa ganye ruwa lokacin da bishiyar ke tsaye, kuma sarewa ba ta hana su sha ba. In katako ya sha ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsin, ba ta tsawo ba. Kujerar cikin ɗaki motsinta kaɗan ne, shi ya sa fentinta ke shekara da shekaru. Falankin baranda kuwa a kwance yake, raɓa da ruwa na kwana a kansa, rana ta gasa samansa alhali ƙasansa na shaƙar danshin ƙasa. Duk abin da ya zauna a sama ya yi fata, ba zai jure wannan ja-in-ja ba. Zai tsage a bakin ƙusa ko a kan ƙulli, ruwa ya shiga ta tsagar, rana ta fito ruwan ya nemi hanya ya rasa, ya tura fatar sama.

Na ce to wanne ne ya fi daɗewa? Ya ce babu wanda ba ya gajiya a kan katakon da ke kwance. "Abin da za ka tambaya shi ne, ranar da ya gaji, me zai bar maka? Wani zai bar maka wankin yini ɗaya da sabon shafi. Wani zai bar maka abin da kake ciki yanzu."

Shi mai yake sawa, irin wanda katako ke sha, mai matsakaicin launi. In ya ga ya koɗe sai ya wanke ya ƙara. Bai taɓa kankare barandarsa ba. Na dawo gida da na'urarsa ta auna danshi a aljihu, ya ce in riƙe har in gama.

Laraba, 1 ga Oktoba

Da dare na zauna karatu. Gwamnatin Amurka tana da cibiyar binciken katako a Madison, jihar Wisconsin, mai suna Forest Products Laboratory, wadda aka buɗe a 1910, kuma abin da dattijon ya faɗa jiya ya yi daidai da abin da suka daɗe suna rubutawa.

Abin da ke mayar da katako toka-toka shi ne hasken ultrabayolet na rana. Yana ruguza liginin, ƙaron da ke riƙe zaruruwan itace wuri ɗaya. Ruwa ya zo ya wanke rugujajjen, zaruruwan sama su saki, shafi ya rasa abin kamawa. Shi wannan cin a hankali yake tafiya, kimanin milimita 6 a shekara ɗari a kan katako mai laushi. Ruɓa kuwa aikin danshi ce: ƙwayoyin da ke cin itace ba sa samun wurin zama muddin danshinsa bai haura kashi 20 cikin ɗari ba. Don haka shafi aiki biyu ke gabansa, ya tare rana, ya rage shan ruwa ba tare da ya kulle wanda ya riga ya shiga ba.

Mai tare ranar shi ne garin launi, galibi tsatsar ƙarfe ce da aka niƙa lilis, dangin abin da ya sa ƙasar Karolina ta Arewa ta yi ja. Shi ya sa marar launi ba ya wuce shekara guda katako ya koma toka, komai kyansa ran farko. Shi ya sa kuma ake ta ƙara launi don a ƙara kwana, har a kai inda launin ya yi yawan da ba zai shiga itace ba, sai a ɗaure shi a sama da roba. A tsakanin nan ne nake neman wurin tsayawa.

A shekarun 1950 cibiyar ta fitar da wani haɗi da mutum zai iya dama wa kansa: man linsid, da kakin farafin don korar ruwa, da garin launi, da maganin fumfuna. Maganin na wancan zamani an hana sayar wa jama'a daga baya saboda gubarsa, amma tsarin haɗin bai ɓace ba, a kansa yawancin gwangwanayen mai na yau suka ginu.

Ina yi wa Hajiya bayani, ta katse ni. "Abban yara, ai lalle da jan farce kake faɗa. Lalle ya shiga fata, ya koɗe a hankali, in ana so a ƙara wani a kai ba a kankare komai ba. Jan farce ya fi ɗaukar ido, amma da ya fara ɓantarewa sai an goge shi duka kafin a sa sabo." Tun da na fara wannan bincike ban ji wanda ya faɗe shi daidai kamar haka ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kafin in sa samfefa a katakon nan dole in san maganin da aka ɗura masa. Har zuwa ƙarshen 2003, yawancin katakon baranda a Amurka ana ɗura masa wani haɗi da ake kira CCA, wanda ke da asenik a ciki. Daga 2004 aka daina amfani da shi a katakon gidaje, aka koma magungunan jan ƙarfe marasa asenik. Tsohuwar baranda ta kafin wannan lokaci ba a son a goge ta ƙura ta tashi, kuma ba a ƙona guntayenta ko kusa.

Na ɗauki tocila na rarrafa ƙarƙashi. A bakin wasu falankai har yanzu akwai 'yar takardar roba da masana'anta ke maƙalawa, ta yi datti amma ana iya karantawa. Maganin jan ƙarfe ne na bayan 2004. Alhamdu lillahi. Duk da haka da takunkumi zan yi gugar.

Tunda na shiga, na fitar da tsofaffin tayoyi da buhunan takin da aka cusa a wurin, don iska ta riƙa ratsawa. Na kuma ga cewa ratar da ke tsakanin falankai ta toshe da ruɓaɓɓen ganye da busasshen shafi. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da wuƙar fenti har haske ya riƙa leƙowa. Ta wannan ratar ruwa ke sauka, in ta toshe ko man wane kamfani ka sa ba zai yi ƙarko ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Ƙanena da ke Maryland ya kira bayan an sauko daga masallaci. Ya ce, "Yaya, irin man da maƙwabcinka ke faɗa, mu nan ba lalle ka same shi yadda yake ba." Gaskiyarsa. Akwai doka kan sinadaran da ke tashi iska yayin da shafi ke bushewa, don suna haɗuwa da hasken rana su gurɓata iskar gari. Dokar tarayya ta yarda da giram 550 a lita ga irin wannan shafi, Maryland da maƙwabtanta na arewa maso gabas sun rage zuwa 250, yankin Los Angeles ma ya fi haka tsanani. Saboda haka gwangwani mai suna ɗaya yana iya zama haɗi daban daga jiha zuwa jiha, kuma shawarar mutumin wata jiha sai an tace.

Shi ƙanen nawa shafin da aka haɗa da ruwa ya sa, mai akirilik. Ya yaba shi: ba wari, buroshi ya wanku da sabulu, launi na riƙewa, fumfuna ba ta samun abinci a kansa. Wannan na ƙarshen ya tsaya mini a rai, domin man linsid tsantsa abincin fumfuna ne, garinmu kuwa danshi gare shi. Amma ya ce saurin bushewarsa ya ba shi wahala, duk inda ya tsaya ya ci gaba sai da layi ya fito.

Na koma kanti na sayo ƙananan gwangwanayen gwaji: na ruwa mai ɗan launi, na mai mai ɗan launi, da na mai mai duhu. Na haɗo da maganin cire tsohon shafi da garin asid na oksalik, na kuma yi hayar injin feshin ruwa.

Asabar, 4 ga Oktoba

Yinin wahala. Maganin cire shafin soda ce, irin wadda ake sabulu da ita, don haka takalmin roba, safar hannu da tabarau duk sai da na sa, yara kuma aka kulle musu ƙofar baya. Na fara jiƙa ciyawa da furannin da ke kewaye sharkaf, na rufe na kusa da leda. Sannan na fesa maganin sashe-sashe, ina ƙara yayyafi kada ya bushe, domin da ya bushe ya daina aiki. Bayan kamar sulusin awa sai shafin ya fara yamutsewa yana tattarewa, in ka sa buroshi mai tauri ya taho kamar majina.

Injin feshin yana buƙatar haƙuri. Katakon fayin laushi gare shi, in ka matsa kusa ko ka sa bakin da ke tsuke ruwa, sai ya yi rami ya tayar da gashi. Na sa baki mai faɗi, na rage ƙarfi, na riƙe shi kamar kamu guda daga katakon, ina bin tsawon falanki ba tare da tsayawa a tsakiya ba. A tsakiyar baranda komai ya fita. A gefen bango da ƙarƙashin shinge, inda rana ba ta gajiyar da shi ba, shafin ya kafe ya ƙi motsi. Wannan sai samfefa.

Da yamma katakon ya yi baƙi-ƙirin saboda sodar. Hajiya ta leƙo ta taga ta yi salati. Na ce ta bari sai gobe. Bayana da gwiwoyina sun gaya mini abin da dattijon ke nufi, kuma na ƙudurta ba zan sa abin da zai sake jawo mini wannan yinin ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Na dama garin oksalik a ruwan ɗumi na fesa a kan jiƙaƙƙen katako. Ina tsaye ina kallo baƙin ya riƙa washewa, falanki bayan falanki, har ya koma launin sabon itace. Baƙaƙen zobban da tsatsa ta yi a kewayen ƙusoshi su ma suka tafi. Asid ɗin yana kashe kaifin sodar da ta rage, wadda in aka bar ta takan ɓata launin sabon shafi. Na ɗauraye da ruwa mai yawa. Saura jira.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na cire ruɓaɓɓen falankin matakala na sa sabo. Na caka masa alluran na'urar, ta nuna ya haura kashi 25, jiƙe yake da maganin masana'anta. Ba zai sha mai ba yanzu, don haka shi sai bayan sanyi. Tsofaffin suna tsakanin 17 da 19. Ana son su sauko ƙasa da 15.

Talata, 7 ga Oktoba

An yi yayyafi da asuba. Ba abin yi.

Laraba, 8 ga Oktoba

Rana ta fito da iska mai bushewa. Da yamma na bi ƙusoshi na nutsar da duk wadda ta ɗago kai, sannan na kama guga. Samfefa lamba 60 a inda tsohon shafi ya kafe, lamba 80 a ko'ina don kwantar da gashin da wanki ya tayar. Dattijon ya gargaɗe ni kada in wuce 80. Hannun wanda ya saba da kayan ɗaki yakan so ya yi ta gogewa har katako ya yi santsi sumul, amma santsin nan rufe bakin itace yake yi, mai ya rasa ta inda zai shiga.

Kafin duhu na shafa gwaji uku a kusurwar da akwatin kayan lambu ke rufewa, kowanne a kan falankinsa, na kuma shafa a lafiyayyen ɓangaren falankin da na cire don in ajiye shi a rana.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na ruwan ya bushe tun jiya, yana ɗan sheƙi in ka duba ta gefe. Na man biyu sun shige, saman ya zama busasshen itace mai launi. Da azahar na sa auta ya taka guntun falankin da ke rana da ƙafa ba takalmi. A kan mai duhun bai iya tsayawa ba, ya ɗage ƙafa. Wannan a Oktoba ke nan, ina ga Yuli. Duhu ya fi tare rana, amma yana tara zafi, zafin kuma yana ƙara tsaga katako. Hajiya ta zaɓi launin tsakiya, ruwan zuma mai ɗan ja.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Na karce ukun da makulli. A kan na ruwan wani siririn abu ya naɗo a bakin makullin, farin itace ya bayyana a ƙasa. A kan na man makullin ya yi layi, amma launi na nan a cikin layin. Fatar na ruwan siririya ce, ba ta kai ta tsohon shafin ba ko kusa, kuma na yarda zai iya fin na man riƙe launi. Amma kujera za a ja a nan, keke zai hau, ƙanƙara za a kwashe da shebur in sanyi ya yi tsanani.

Na tsayar da shawara: na mai, mai ɗan launi, wanda aka rubuta a jikinsa cewa yana shiga itace ba ya yin fata, kuma akwai maganin fumfuna a ciki. Na san abin da na saya. Daɓen zai nemi ƙari bayan shekara biyu, in an yi sa'a uku, shingen zai fi haka. Kusurwar arewa za ta riƙa son wanki duk shekara. Na ɗauki wannan a kan alkawarin shekara goma da ƙarshensa soda ce da samfefa. Galan biyu na saya. Hasashen yanayi ya nuna babu ruwa har Talata, na'ura kuma ta nuna 13 zuwa 14.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun jira raɓa ta bushe sarai. Ana son zafin gari tsakanin digiri 10 da 32, kuma kada a shafa a kan katakon da rana ta gasa, domin man zai kafe a sama kafin ya shiga. Don haka muka bi inuwa. Na juye galan biyun a bokiti ɗaya don launi ya zama ɗaya, na sa babban ɗana ya riƙa juyawa a kai a kai, saboda garin launi nauyi gare shi, yana kwantawa a gindi.

Shinge muka fara yi, da tamfol a ƙasa saboda ɗiga. Sannan daɓe, falanki biyu-biyu, daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa, muna ja da baya zuwa matakala. Shi yana shimfiɗa man da soso mai sanda, ni ina binsa da buroshi ina cusa shi cikin tsaga da ratar falankai. Tsohon katakon ya sha kamar ba zai ƙoshi ba. Man yakan kwanta yana sheƙi, ka ga sheƙin yana ja da baya daga gefe, zanen itacen yana fitowa ja da ruwan zuma, ƙulle-ƙullen suna yin duhu. Bakunan da zarto ya yanka na yi ta ɗura musu har suka daina karɓa. Bayan kamar rabin awa muka koma da tsumma muka goge duk inda man ya rage a sama. Ɗana ya ce, "Abba, ba asara ba ce mu goge abin da muka saya?" Na ce wanda itace bai sha ba, in ya bushe a sama, danƙo zai yi, ya kama ƙura, ya zama irin fatar da muka sha wahalar cirewa.

Tsummokaran ban bar su ko na minti ɗaya a tare ba. Man da ke bushewa da iska yana fitar da zafi, in tsumma ya dunƙule zafin ya taru, sai ya kama wuta da kansa ba ashana. A watan Fabrairun 1991 irin waɗannan tsummokara na man linsid da ma'aikata suka bari suka tayar da gobara a hawa na 22 na wani dogon bene a Filadelfiya, One Meridian Plaza, 'yan kwana-kwana uku suka rasu, ginin ma daga baya rushe shi aka yi. Na tsoma namu a gwangwanin ƙarfe cike da ruwa, na rufe, na ajiye a fili nesa da gida. Na kira yaran duka na nuna musu, na faɗa musu dalili.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Wari ya ragu. Na taɓa ko'ina da bayan hannu, babu danƙo sai a kan wasu ƙulli da ba sa shan mai, na goge su da ɗan tina. Dattijon ya zagayo, ya durƙusa da kyar, ya shafa tafinsa a falanki ya duba tafin. Ya ce a bar ta ta ƙara kwana biyu kafin a ɗora kaya.

Talata, 14 ga Oktoba

An mayar da kujeru. Tukwanen fure na ɗora su a kan 'yan ƙafafu don iska ta bi ƙarƙashi, tabarmar robar da ke bakin ƙofa kuma na cire ta gaba ɗaya, ita ce ke ɓoye danshi. Gwangwanin tsummokara na kai wurin da hukuma ke karɓar shara mai haɗari. Ragowar man na juye a ƙaramin gwangwani, na rubuta sunan launin da watan a murfi, saboda sabon falankin matakala. In Allah ya kai mu Afrilu, bayan bishiyoyin fayin sun gama zubar da rawayar ƙurarsu, zan wanke barandar da garin wanki mai oksijin, ba bilic ba, in shafa wa falankin nan nasa.

Da dare Alhaji ya kira. Shingen gidansa ya yi toka, yana so in zo mu sa masa irin nawa. Na ce, "Alhaji, naka a tsaye yake, ruwa ba ya kwana a kansa, ba mai taka shi. Kai kana iya sa mai duhun, ko ma rufaffen, ya yi maka shekaru." Ya ce shi dai wanda ba za a kankare ba yake so. Mun tsayar da Asabar mai zuwa mu fara wanki, in gari bai yi hadari ba, kuma zan roƙi dattijon ya ƙara mana aron na'urar.